Daga Duwatsun Riruwai Zuwa Bakin Famfo: Tarihin Ruwan Shanmu da Batun Gubar Dalma

 Lokacin da kwamitin mujalla ya nemi mu rubuta wani abu na tarihi a fitowar bana, niyyarmu ta farko ita ce mu ɗauko tarihin sarauta ko na makarantu kamar yadda aka saba. Ana cikin haka sai wani tsohon ɗalibinmu da ke aiki a Amurka ya zo gaisuwa. A cikin hira ya ba mu labarin cewa gwamnatin can ta ware dala biliyan 15 don a tono tsofaffin bututun ruwa na dalma a sauya su da wasu. Da zai tashi sai ya ce, "To Malam, mu fa a gida?" Wannan tambaya ce ta sa muka ajiye tarihin sarauta, muka koma bin sawun ruwan da muke sha, da sawun kuɗin da hukuma ta kashe a kansa.

Ƙasarmu ta Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, amma a kan fa take zaune. Ruwan ƙasa a nan yana maƙalewa ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogin fa, shi ya sa rijiya takan cika da kaka ta ƙafe da bazara. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu kafin shekarun 1980 ya san iyayenmu mata suna sammako su tona yashin rafi, su zauna jiran ruwa ya tsatso cikin ƙwarya. Ya kuma san kududdufin bayan gari inda aka haƙi ƙasar gini, wanda mutum da dabba suke tarayya a kansa. Daga irin wannan ruwa kurkunu yake kama mutum, kuma ba ya tashi kwantar da shi sai da damina, daidai lokacin noma. Mu malaman makaranta mun ga yadda rajista take cika da alamar fashi a watannin nan. Ƙidayar da aka yi a shekarar 1988 ta sami masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Aka tashi tsaye, da taimakon cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da kuma Janar Yakubu Gowon, aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyi. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, kuma a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu. Mu riƙe wannan a zuciya, don za mu dawo gare shi: kurkunu cuta ce da ido yake gani.

Ruwan Famfo Ya Fara a Birni

Ruwan famfo ya shigo ƙasar Kano ne a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A farkon shekarun 1930 aka buɗe matatar ruwa ta Challawa, ana turo ruwa zuwa tankin Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin birni. Aikin na En'e ne, kuɗinsa daga Baitulmali ya fito. Baitulmali kuwa da harajin talakawa da jangalin makiyaya yake cika, waɗanda dagatai da hakimai suke tarawa daga gundumomi, har da namu. Ke nan kakanninmu sun sa hannu a famfon farko na Kano, ko da yake mafi yawansu sun koma ga Allah ba su taɓa murɗa kan famfo ba.

Babban sauyi ya zo ne bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Gwamna Audu Bako ya ɗauki madatsun ruwa a matsayin babban aikinsa. Aka yi ta Bagauda, sa'an nan aka shiga aikin Tiga a kan Kogin Kano daga 1971, aka kammala a 1974, a tsakiyar farin nan da ya ƙona arewa. A lokacin muna yara, mun ga manyan motoci suna ɗibar ƙasa dare da rana, mun kuma ga iyalan da aka tasa daga gonakin kakanninsu aka sauke su a sababbin matsugunai. An gina Tiga ne don ta riƙe ruwan da ya kusa mita kubik miliyan 2,000. Bayan da madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988, sai aka ji tsoron kada irin haka ta faru a Tiga, don haka a 1992 aka rage tsayin mafitar ruwanta, abin da take riƙewa ya ragu.

Ruwan Tiga shi ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, shi ne kuma ke gangarawa zuwa matatar Tamburawa, wadda aka gina sabuwarta a zamanin Malam Ibrahim Shekarau don ta tace lita miliyan 150 a kullum. Saboda haka ɗan'uwa mazaunin birni, in ka yi sa'a famfon gidanka ya kawo ruwa, akwai yiwuwar ruwan gida kake sha: ya sauka a duwatsun kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya kwana a Tiga. Abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, akwai ƙauyukan da ke hangen tafkin daga bayan gida amma har yau guga da igiya suke dogara da su. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, mu kuwa ga kogi a ƙofar gida ga ƙishirwa.

Ba za a ce hukuma ba ta taɓa waiwayar karkara ba. KNARDA ta haƙa rijiyoyin burtsatse a shekarun 1980, DFRRI ta biyo baya daga 1986, PTF ta yi nata a ƙarshen shekarun 1990, daga bisani aikin ya koma hannun RUWASA da ƙananan hukumomi da 'yan majalisa. Manufar ƙasa a kan ruwan sha ta shekarar 2000 ta ma fayyace rabon kuɗin gina ruwan karkara: tarayya kashi 50 cikin ɗari, jiha 25, ƙaramar hukuma 20, jama'ar gari 5. A watan Nuwamba na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta. Duk waɗannan shirye-shirye tambaya ɗaya suka fi amsawa, wato ko akwai ruwa. Tambayar abin da ke cikin ruwan ba ta cika samun mai yin ta ba, sai in amai da gudawa sun ɓarke.

Dalma: Gubar da Ba Ta da Launi

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da laushi, mai sauƙin lanƙwasawa, shi ya sa tun zamanin Rumawa ake yin bututun ruwa da ita. Kalmar nan fulamba da muke kiran mai gyaran famfo, daga sunan dalma a harshen Rumawa ta samo asali. In dalma ta narke a ruwa ba ta sauya masa launi ko wari ko ɗanɗano. Tafasawa ba ta fitar da ita, ƙyallen da ya yi maganin kurkunu ba ya tare ta. Jikin yaro ƙarami ya fi na babba shanye ta nesa ba kusa ba, kuma ƙwaƙwalwa take nufa. In ta yi yawa sai farfaɗiya da suma da mutuwa. In kaɗan ce, yaro zai tashi yana wasa kamar kowa, amma fahimtarsa ta dakushe, hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira marar illa. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya, wanda aka fitar a 2007, ya sa iyakarta a maikirogiram 10 cikin kowace lita. Maikirogiram kuwa shi ne a raba giram ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya.

Wannan bayani ya fi taɓa mu da muka shekara talatin da ɗoriya a gaban allo. Mun sha kiran yaro daƙiƙi, mun sha ɗaga masa bulala don ya kasa riƙe jadawalin sau. A kwalejin horon malamai an koya mana mu duba ko yaro yana jin yunwa, ko idonsa ba ya gani, ko gidansu babu zaman lafiya. Ba wanda ya ce mu tambayi irin ruwan da yake sha.

Labarin da ɗalibinmu ya kawo daga wani gari ne mai suna Flint a jihar Mishigan, mai mutane kimanin 100,000, mafi yawansu baƙaƙen fata. A watan Afrilu na 2014, don a rage kashe kuɗi, hukumomi suka sauya wa garin tushen ruwa zuwa kogin da ya ratsa shi, ba su zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya ci tsofaffin bututun dalma, gubar ta shiga gidaje. Mutane suka yi ta kuka ana ce musu ruwan lafiya lau yake, sai a watan Satumba na 2015 wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jinin yara. A Janairun 2016 Shugaba Obama ya ayyana dokar ta-ɓaci. Amurka ta hana shimfiɗa sabon bututun dalma tun 1986, amma tsofaffin na nan binne; a 2023 hukumar kare muhallinsu ta ƙiyasta sun kai miliyan 9. Dala biliyan 15 ɗin tana cikin dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Nuwamban 2021, shekara bakwai bayan fara ɓarnar Flint. A Oktoban 2024 aka kafa ƙa'idar a sauya bututun cikin shekara goma.

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga irin wannan jinkiri. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Dutsen zinaren da ake haƙowa a can cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a daka, a niƙa da injin niƙan hatsi, a wanke a bakin rijiya da tafki. Ƙurar ta cika tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Yara sama da 400 suka mutu. Magani ba ya amfani sai an kankare gurɓatacciyar ƙasa an zubo sabuwa, don in aka ba yaro magani ya koma cikin ƙurar, an yi aikin baban giwa. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, shi aka bari a baya. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma kuɗin bai fito ba sai a Janairun 2013, bayan matasa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun cika duniya da ƙorafi. Duk tsawon wannan lokaci yara kimanin 1,500 suna jira da guba a jininsu. Ba a gama jimamin wannan ba, a 2015 yara 28 suka mutu a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, da dalili iri ɗaya.

Mu Fa a Gida?

Amsar da za mu ba ɗalibinmu ita ce, tamu matsalar ba irin ta Amurka ba ce. Su sun gaji bututun dalma ne saboda sun daɗe da samun famfo. Mu da famfo ya zo wa a makare, na ƙarfe da na roba muka samu. Amma dalma tana da ƙofofi biyu da za ta iya biyowa zuwa randarmu, kuma dukkansu a buɗe suke.

Ƙofa ta farko tana Riruwai. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen wannan gari, wanda tsofaffin takardu ke kira Liruwen Kano, suna narka kuza su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Akwai takwararsa a ƙasar Bauchi, Liruwen Dalma, sunan da ke nuna cewa magabata ba su cika raba kuza da dalma a wajen kira ba. Irin waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin Kamfanin Neja a farkon ƙarni na 20 har ya aika a nemo tushensu, neman da ya ƙare da buɗe ma'adinan Jos. A ƙarƙashin duwatsun Riruwai akwai jijiyar ma'adini mai tsawon kusan kilomita 5 daga gabas zuwa yamma. Kuza da tutiya ne suka fi yawa a cikinta, amma akwai dutsen dalma, wato dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali. An yi aikin haƙa na ƙarƙashin ƙasa a wurin, aikin da ya tsaya a shekarun 1980, lokacin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Kamfani ya tafi, tarin ɓaraguzai ya zauna, matasanmu kuma suka ci gaba da haƙa da diga da shebur, don nan ne abincinsu.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Riruwai ba Bagega ba ce, kuma ba mu zo da nufin tsorata kowa ko toshe wa wani hanyar abinci ba. Tafki mai girman Tiga yana da faɗin da zai sirka abin da ya gangaro masa, bayan haka ga matata a Tamburawa. Wanda ke bakin haɗari shi ne na kusa: gidan da ake daka dutse a tsakar gidansa, rafin da ake wankin ma'adini a sama mata suna ɗiba a ƙasa, rijiyar da ba ta da daɓe ruwan damina yana kwararawa cikinta, da uban da ya dawo daga rami ya ɗauki jaririnsa da rigar aiki. Tun da maganar tozali ta shigo, sai mu roƙi iyayenmu mata da ungozomomi, cikin ladabi, su duba al'adar ranɗa wa jariri kwalli, domin wanda aka yi da wannan dutse cike yake da dalma.

Ƙofa ta biyu ita ce ta fi shafar masu karatun wannan mujalla, domin da hannunmu muke buɗe ta ba mu sani ba. A shekarar 2021 masana daga Jami'ar Arewacin Karolina suka wallafa binciken da suka yi a kan famfunan tuƙa-tuƙa da famfunan jama'a 261 a karkarar Ghana da Mali da Nijar. Kimanin kashi 9 cikin ɗari na ruwan da suka gwada ya haura iyakar da aka sa wa dalma. Da suka bi diddigi, sai suka tarar mafi yawan gubar daga kayan famfon take fitowa, musamman na tagulla, domin masu ƙera tagulla mai araha suna cakuɗa ta da dalma. Bututun ƙarfe mai rufin tutiya shi ma yakan ɗauke ta. Irin kayan da ake sayarwa a Maraɗi su ake sayarwa a Kano. Ga shi kuma ruwan ƙasar fa irin tamu yakan zama mai cin ƙarfe; duk wanda ya taɓa ganin tuƙa-tuƙa ta fito da jan ruwa da sassafe ya ga shaida. Jan nan tsatsa ce, ido yana ganinta. Ruwan da ya iya cin ƙarfe zai iya cin tagullar da ke ƙasan rijiya.

A shekarun baya mun halarci bikin buɗe wata rijiyar burtsatse a harabar wata makaranta, wadda 'yan'uwa mazauna birni suka yi karo-karo suka haƙa. An kafa rumfa, an yanka rago, an yi jawabai, babban baƙo ya kurɓi ruwan ya ce garɗi gare shi. Mu ma mun yi tafi. Bayan taro muka tambayi ɗan kwangilar takardar gwajin ruwa, sai ya yi dariya ya ce ai ga shi fari tas kamar na leda. Muka yi shiru, don mu kanmu a lokacin ba mu san me za mu nema a takardar ba. Yara fiye da ɗari uku ne suke sha daga wannan famfo kowace rana.

In aka dubi tarihin nan tun daga Challawa har Bagega, za a ga kuɗin hukuma yana da hali biyu: yana bin inda masu murya suke, yana kuma jiran a ƙirga gawa. Yankinmu yana da kujeru biyu a Majalisar Wakilai, ta Kiru da Bebeji da ta Tudun Wada da Doguwa, ga 'yan majalisar jiha, ga shugabannin ƙananan hukumomi huɗu. Shekara da shekaru abin da muke roƙonsu shi ne ƙarin burtsatse, su ma abin da suka fi so ke nan, don burtsatse ana rubuta suna a jikin tankinta. Gwajin ruwa ba shi da allon da za a kafa. A ganinmu lokaci ya yi da wasiƙar da ƙungiya za ta kai musu za ta ɗauki wani sabon sashe: a ware kuɗi a cikin kasafi don gwada ruwan kowace rijiya da famfon jama'a, a fara da na makarantun firamare da asibitocin haihuwa da ƙauyukan da ke kewaye da Riruwai; inda aka sami dalma a cire kayan tagulla da na tutiya a sa na ƙarfen da ba ya tsatsa; a kuma keɓe wa masu haƙa wurin daka da wanki nesa da gidaje da rafi, kamar yadda aka yi a Zamfara bayan an yi asara. Wannan duka ba zai kai ko kusa da abin da aka kashe a Bagega kaɗai ba.

Kashi 5 ɗin nan na jama'ar gari kuwa, yawanci daga aljihunku yake fitowa, ku mazauna birni, kuma mai biya shi ke da ikon gindaya sharaɗi. Kada a ƙara biyan ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya kawo takardar gwaji da ta ambaci dalma da sunanta, daga ɗakin gwaji na jami'a irin Bayero ko na hukumar ruwa. A rubuta irin kayan da za a sa a cikin yarjejeniya tun farko. Tsofaffin rijiyoyin da ƙungiya ta riga ta haƙa su ma a bi su ɗaya bayan ɗaya. Sakataren ƙungiya yana da jerinsu. Wanda zai je gida hutun Sallah ya fara biyawa ta ɗakin gwaji ya karɓi kwalaben ɗaukar samfur. A ɗebi ruwan farko da asuba, kafin kowa ya tuƙa, domin shi ne ya kwana a jikin ƙarfe. Bayan an tuƙa na minti biyar a ɗebi na biyu a wata kwalbar. A rubuta sunan gari da unguwa da kwanan wata a jikin kowacce, a mayar da su Kano a cikin makon.